Gammon ganye na Kirsimeti: wane ganye zai tsaya a madadin holi a Kumasi?

Mai Ado, Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Ina neman waɗanda suka san aikin ganye da fure. An ba ni aikin gammon ganye guda huɗu, irin zoben nan da masu Buronya, wato Kirsimeti, ke ratayawa a ƙofa, biyu na ƙofar shago a Adum, biyu na gida. Hoton da aka nuna mini na ganyen holi ne, kore shar mai ƙaya a baki, da jajayen 'ya'ya. Ana so su hau ƙofa ranar 15 ga Disamba, su kai har sabuwar shekara. Ana samun holi ɗanye a Kumasi? In babu, wane ganye ne zai jure hunturu fiye da sati biyu? Kuma yaya ake ɗaurin har ba a ganin waya? Don Allah ku faɗa mini da awo, in san abin da zan sayo a kasuwar Kejetia.

Baban Lambu, Tafo

Wa alaikumus salam, 'yata. Holi ɗanye dai ki cire rai. Itacen ƙasar sanyi ne, masana na kiransa Ilex aquifolium, gidansa yammaci da kudancin Turai, har zuwa duwatsun arewacin Afirka. Akwai namiji akwai mace, macen kaɗai ke yin jajayen 'ya'yan nan, su ma sai da namiji a kusa. A Ingila 'ya'yan kan nuna cikin Oktoba da Nuwamba, shi ya sa yake dacewa da Kirsimetinsu. Abin da ke sa gammonsu ya yi sati uku yana sheƙi sanyin ƙofarsu ne, kamar an ajiye shi a firji. A nan, ko da wani ya kawo miki shi ta jirgi, kwana kaɗan zai yi ya fara zubar da ganye. Kuma shigo da ɗanyen tsiro Ghana sai da izinin sashen kare tsirrai na ma'aikatar noma da takardar lafiyar tsiro daga ƙasar da ya fito. Wahalar ta fi ribar.

Abin da ido ke nema a jikin holi abu biyu ne: kore mai duhu mai sheƙi, da ɗigon ja. To ki nemi ganye mai kauri kamar fata, wanda in ya bushe yana nan manne da reshensa. Ganye mai laushi kuwa, komai kyansa da safe, kafin la'asar ya sunkuyar da kai.

Wanda ya fi riƙo a nan shi ne tuja, ɗan itacen nan mai ganye shimfiɗe kamar mafici, da masu sayar da shuka a bakin titi ke kira itacen Kirsimeti. Yana bushewa a hankali, ba ya kakkaɓewa, shi za ki sa ya zama jikin gammon. Ganyen itacen turare, wato yukaliptus, shi ma yana bushewa a tsaye, sai dai korensa ya yi fari-fari, ga ƙamshi. Ganyen mangwaro na riƙo ƙwarai, amma ki tsinko tsohon ganye mai duhu, ƙanana daga ciki. Sabon tohon nan mai ja-ja da laushi ko awa biyu ba ya yi. Ruwan da ke fita daga reshensa yana sa wa wasu ƙaiƙayi, ki sa safar hannu. Ganyen lemo ne ya fi kama da holi a girma da sheƙi, har da ƙaya a reshe, amma cikin kwana uku zuwa huɗu zai naɗe kamar an soya shi, don haka na ƙarin ado ne a ranakun ƙarshe.

Darbejiya kuwa kada ma ki ɓata almakashinki. Haka duk tsiron da in an yanke shi yake fitar da farin ruwa kamar madara: yana ɓata hannu, yana ƙona ido, ganyensa kuma zuba yake yi.

Yanka da asuba, kafin rana ta taɓa itacen. Ki yanke gindin kowane reshe a karkace, ki tsige ganyen ƙasa, ki tsoma cikin bokiti mai ruwa kamar santimita 10, ya kwana a inuwa ya sha ya ƙoshi. Ganyen da bai sha ruwa kafin ɗauri ba, rabin kwanakinsa ya tafi. Ƙurar hunturu kuma ki wanke ta tun a bokiti, don in ta kwanta a kan ganye sheƙin ya mutu. Kada ki ajiye bokitin kusa da ayaba ko mangwaro masu nuna. Akwai iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa in suna nuna, ita ke sa yankakken reshe ya saki ganye. Holi kansa ma haka take yi masa.

In kina da lokaci, akwai dabarar gilisirin: kashi ɗaya na gilisirin, kashi biyu na ruwan zafi, a gauraya, a bari ya huce, a tsayar da rassan a ciki sati biyu zuwa uku. Ganyen zai sha, ya zauna da laushi wata da watanni. Aibinsa launi, domin kore yakan koma duhu, wani har ruwan ƙasa. Ki gwada da reshe ɗaya tukuna, kuma a ƙarshen Nuwamba ake farawa, ba ana jibi za a rataya ba.

Yaya Mai Fure, Asawase

Ƙanwata, Baba ya gama da ganye, bari in ba ki ɗauri, don a nan aiki ke lalacewa.

Zoben ciki ya zama santimita 30 daga baki zuwa baki. In ganye ya hau, zai fito 40 zuwa 45, daidai ƙofar gida mai faɗin santimita 80 zuwa 90. Ƙofar shago mai faɗi ki yi mata zobe na 40. Waya mai kaurin milimita 2 zuwa 3 ake lanƙwasawa. In babu, hanga biyu ta ƙarfe, ki buɗe su da filaya, ki zagaya su a jikin bokiti su ɗauki siffa, ki haɗa su waje ɗaya. Hanga ɗaya ba ta isa, nauyin jiƙaƙƙen ganye zai ja ta ta koma kamar ƙwai. Masu saƙa kujerun kwagiri ma za su iya naɗa miki zobe, ya fi waya kyau, bai kuma yi nauyi ba.

Turawa na naɗe zoben da gansakuka mai danshi, gindin rassan ya riƙa shan ruwa daga ciki. Mu namu zaren ɓawon kwakwa ne, ga shi jibge wajen masu sayar da ɗanyar kwakwa. Ki tsefe shi, ki jiƙa ya kwana, ki matse da hannu har ruwa ya daina ɗiga, ki dunƙula shi a jikin zoben, kauri kamar santimita 5, kina bi da kirtani tamau. In kin gama, abin zai yi kama da gammon mai talla sak. Ki matsa da yatsa: in ya lotsa sosai, ƙara zare, don gammo sako-sako ba ya riƙe waya.

Wayar ɗauri siririya ce, milimita 0.5 ko 0.6, mai koren fenti in an samu. Kowane gammo ki ware masa mita 15. Wayar magina ta ɗaurin rodi tana yi, amma tana tsatsa in ta haɗu da danshi, ta bar jan layi a ƙofar mutane.

Yanzu lissafi. Zoben santimita 30, zagayensa 94 ne. Kowane ƙulli na ganye zai ci wajen santimita 5, ke nan ƙulli 18 zuwa 20. Kowane ƙulli 'yan rassa uku ko huɗu ne, tsawon santimita 12 zuwa 15: biyu na tuja a baya, ɗaya ko biyu na ganye mai faɗi a gaba. Jimla 'yan rassa 60 zuwa 80 na gammo ɗaya. Ki yanko da rara, kashi ɗaya cikin huɗu, saboda masu tabo da waɗanda tsutsa ta ci. Ki haɗa ƙullin duka ki jera a tabarma kafin ki ɗaura ko ɗaya. In kina haɗawa kina ɗaurawa, za ki tarar gefe ɗaya ya yi ƙiba, ɗayan ya rame, ganye kuma ya ƙare.

Ɗaurin kansa irin baibayar ɗaki ne. Mai baibaya yana fara jera ciyawa daga ƙasa, kowane layi ya rufe ɗaurin wanda ke ƙarƙashinsa. Haka nan. Ki ƙulla bakin waya a jikin zobe. Ɗora ƙulli na farko a kwance, ki zagaya gindinsa da waya sau uku, kina ja sosai. Ɗora na biyu yadda kansa zai rufe gindin na farko, ki sake zagayawa sau uku. Kada ki yanke wayar, guda ɗaya ce daga farko har ƙarshe, kuma duk ƙullin su fuskanci gefe ɗaya. Ɗaya ki ɗan karkata shi waje, na gaba ki karkata shi ciki, haka za ki rufe baki biyu na zoben. In kin zagayo, ki ɗaga kan ƙulli na farko, ki cusa gindin na ƙarshe a ƙarƙashinsa, ki ɗaure, ki juya gammon ki murɗe wayar ta baya.

Abin da ke jawo ganin waya abu biyu ne: ko tazarar ƙulli ta wuce santimita 5, ko rassan sun yi gajarta. Abin da ke jawo zubewa kuma ɗaya ne: reshe yana ramewa in ya bushe, wayar da ta kama shi ranar farko sai ta yi masa yawa ranar biyar. Shi ya sa ake ja har sai waya ta ɗan nutse cikin zaren kwakwa. Ki ɗaga gammon ki girgiza shi sau biyu kafin ki ce kin gama. Abin da zai faɗi gara ya faɗi a gabanki.

Ramin tsakiya kada ya gaza santimita 15. In ya toshe, ya zama tulin ganye.

Mai Ado, Aboabo

Allah ya saka da alheri Baba, na gode Yaya. Saura jan. Na yi tunanin idon zakara, tunda ga shi ja wur kuma ba ya ruɓewa, ko kuma kwakwar manja. Wanne ya fi? Kuma na shagon, rana na dukan ƙofar tun daga hantsi, ƙofar ƙarfe ce.

Baban Lambu, Tafo

Idon zakara a'a, 'yata, ko kusa. Gubar da ke cikinsa, abrin, tana cikin mafi muni da ake samu a tsiro. Ƙwaya ɗaya in yaro ya tauna ta fashe tana iya kisa, kuma ke mai huda shi da allura kina cikin haɗari tun kafin ya bar hannunki. Abin da zai rataya a ƙofar gida, inda ƙwaya za ta faɗo yaro mai rarrafe ya tsinta, ba a sa masa wannan. 'Ya'yan holi na gaskiya ma ba a ci, suna sa amai da gudawa, amma ba su kama ƙafar idon zakara ba.

Kwakwar manja ba guba, sai dai nauyi da mai. Kwana uku za ta fara tsami, tururuwa su yi layi a ƙofa, ɓera ya biyo dare. Furen iksora, jan nan mai tari da ake shinge da shi, yana da kyau a hoto, amma kwana biyu ne in babu ruwa. Busasshen jan barkono ya fi su duka riƙo, a ɗaura uku-uku ta wutsiya. Ki dai tuna da idonki bayan kin taɓa shi.

Anti Tela, Sabon Zango

'Yar'uwa, ni zan saɓa wa Baba da Yaya a kan na shagon. Ƙofar ƙarfe da ranar hantsi, daga 15 ga wata har 1 ga Janairu, kwana 17 ke nan cikin hunturu. Babu ɗanyen ganyen da zai kai da mutuncinsa, tuja ma zai yi ja ta gefen da ke manne da ƙarfe, don ƙofar gasa shi take yi ta baya. Na gida biyun ki yi ɗanye, na shago ki yi na yadi. Kuma da yadi ne kaɗai za ki fitar da siffar holi da aka nuna miki a hoto.

Kada ki ce za ki yanka ganyen mangwaro da almakashi ya yi ƙaya-ƙaya. Bakin yankan yana komawa ruwan ƙasa kafin kwana biyu.

Ga yadda ake yi. Yadi kore mai duhu, mai ɗan sheƙi, yadi ɗaya da rabi ya ishi gammo ɗaya. Ki ninka shi biyu, ki sa takardar nan mai gam da muke mannawa a wuyan riga a tsakani, irin mai gam ta fuska biyu, ki danne da dutsen guga. Ki zana ganye ɗaya a kwali, tsawo santimita 7, faɗi 3 da rabi, tsini uku kowane gefe da ɗaya a kai, tsakanin tsini da tsini ya lotsa ciki. Da shi za ki zana sauran. Zoben santimita 40 zai ci ganye 90 zuwa 100. Kowane ganye ki manna masa siririyar waya mai tsawon santimita 12 a bayansa, ta bi tsakiya kamar jijiya, rabinta ya fito ya zama reshe. Wannan wayar ce ke ba ki damar lanƙwasa ganyen ya ɗan yi doro. Ganye shimfiɗe falau daga nesa ake gane na yadi ne. In yadin na roba ne, ki wuce da bakinsa kusa da harshen kyandir, ba a ciki ba, zai daina zare. Sai ki haɗa uku-uku ki bi ɗaurin da Yaya ya faɗa, amma zoben ki naɗe shi da busasshen zaren kwakwa ko tsumma, ki rufe da koren ƙyalle.

Jajayen 'ya'ya kuwa dutsen ado ne, ja mai sheƙi, milimita 8 zuwa 10, yana nan wajen masu kayan ɗinki a Kejetia. Na gilashi irin wanda mutanen Krobo na Ghana ke yi ya fi kyau, na roba ya fi sauƙin nauyi. Ki zura kowanne a waya, ki murɗe uku su zama tari ɗaya, ki soka tari bakwai ko tara, ba a jere daidai kamar lambobin agogo ba, wani wuri biyu kusa da juna, wani wuri babu. Wannan zai yi wa na ɗanyen ma, kuma in ganye ya mutu ki zare su ki ajiye na baɗi. Masu dunƙula farin soson kwalin firji su fesa masa fenti, su sani fentin gwangwani narkar da shi yake yi nan take. Sai fentin ruwa. Gam na bindiga kuma yana saki in ƙarfe ya yi zafi, duk abin da zai hau ƙofar shagon nan a ɗaure shi da waya.

Sai abin da ya fi duk wannan, tunda Kumasi muke. A garin nan zoben fure kayan jana'iza ne, kowa ya saba ganinsa naɗe cikin leda mai ƙyalli da ribon a gicciye. Ja da baƙi kuma su ne tufafin makoki wajen Asante. To kada baƙi ya shiga aikin nan ko kaɗan, kada ki naɗe shi da leda in za ki kai, kada ki gicciya ribon a tsakiya, kada ki rubuta komai a jikinsa. Kore ya rinjaya, ja ya zama ɗigo-ɗigo. Ribon ki sa ruwan zinariya ko fari da ja, faɗin santimita 5 zuwa 6, mita ɗaya da rabi, ki ɗaura shi a ƙasa ko a sama. In ja ya yi yawa, mai wucewa a Adum zai tsaya ya tambayi wa ya rasu.

Yaya Mai Fure, Asawase

Maganar Anti a kan launi gaskiya ce, na yarda da na yadi a shago. Na gidan ma, ƙanwata, ki faɗa wa masu shi tun yanzu cewa ɗanye sau biyu ake yinsa. Ki rataya na farko ranar 15, ranar 22 ko 23 ki sauke, ki warware waya, ki sa sabon ganye a kan zoben nan dai, shi zai ga ranar 25 da kyansa ya kuma kai sabuwar shekara. A wannan zagaye na biyu ne ganyen lemo ke da amfani. Ki sa kuɗin zuwa biyu cikin cinikinki.

Tsakanin nan, a fesa masa ruwa safe da yamma, ta baya musamman, inda zaren kwakwa yake. Bayan kwana uku-uku a sauke shi da dare, a kwantar da bayansa cikin faranti mai ruwa kaɗan na minti 20, a bari ya tsane, a mayar. Kada a shafa wa ganye man gyaɗa don sheƙi, ƙura yake kamawa ya zama laka.

Bayan gammon ki yanka kwali ko tsohon buhu daidai zoben ki ɗinke, don bakin waya na karce fenti, danshi kuma na ɓata katako. Maratayin ki yi shi da waya ninki biyu, ki ɗaure shi a jikin zoben ƙarfen kansa, ba a jikin ganye ko zaren kwakwa ba, jiƙaƙƙen gammo ya fi yadda ake zato nauyi. In ba a yarda a buga ƙusa ba, ki zura dogon ribon ta saman ƙofa ki kama shi ta ciki.

Ɗan Kwaya, Bantama

Anti Mai Ado, ki tambayi masu gidan ko duka biyun na ƙofa ne. Akwai wani iri da ake kwantarwa a tebur, da kyandir huɗu, ana kunna ɗaya kowace Lahadi cikin Lahadi huɗun da ke gaban Kirsimeti. Daga Jamus ya fito, wani fasto Johann Hinrich Wichern ya fara shi a Hambug a 1839. A cocin Katolika uku shunayya ne, ɗaya ruwan hoda. In shi suke nufi, ranar 15 ta yi latti, kuma ginin ya bambanta: ganyen ya kwanta ƙasa-ƙasa, kowane kyandir ya zauna cikin ƙaramin kofin gilashi ko na ƙarfe da aka ɗaure a zoben, harshen wuta ya fi ganye tsawo da aƙalla santimita 10. Busasshen tuja da zaren kwakwa cikin hunturu makamashi ne, kyandir in ya ci ya kusa ganye a canza shi. Na ƙofa kuma, gidaje da yawa ba sa saukewa sai 6 ga Janairu, ki ji daga bakinsu kafin ki tsayar da ranar sabunta ganye.